Keken jariri a jirgin sama: a bar shi gida, a miƙa wurin awo, ko a tura shi har ƙofar jirgi?

Ƙanwata da ke aure a Daura ta kira ni bayan sallar la'asar, ina jiyo rigimar 'yarta ta cikin wayar. Biza ta fito, za ta bi mijinta da ke karatun digiri na uku a Ingila, daga ita sai yarinya 'yar wata 7, babu ɗan rakiya.

"Yaya, keken nan da dangin babanta suka kawo ranar suna, in tafi da shi ko in bar shi? Wata ta ce min sai na biya masa kuɗin awo, wata kuma ta ce har cikin jirgi ake shiga da shi."

Na san keken. Irin manyan nan ne masu kaurin taya, da kwandon kwanciya da ake cirewa, da rumfa, wanda sai an sa hannu biyu da ƙafa kafin ya naɗu. Na ce kada ta yanke shawara sai ta amsa mini abu uku: kilo nawa ne, awa nawa za su yi a inda za su yada zango, sannan a ina kamfanin ya ce zai mayar mata da keken. Na ukun nan shi ne ba a cika tambaya ba, kuma shi ne ya taɓa ba ni wahalar da har yau ban manta ba.

Bari mu fara da abin da kusan kowane kamfani ya yarda da shi. A wurinsu jariri shi ne yaron da bai cika shekara 2 ba. Ba a ba shi kujera, a cinya yake tafiya, a ɗaura masa ɗan ƙaramin bel da ake saƙalawa a jikin na babba. A tafiyar ƙasashen waje yawanci wajen kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba ake biya masa, ban da haraji. Keken da ake naɗewa kuwa, akasarin kamfanoni kyauta suke ɗauka, ba ya cin kilo ɗin akwatunanki. British Airways, mai tashi daga Abuja zuwa Landan, yana barin a kawo wa kowane jariri kayan yara guda 2 kyauta, misali keke da kujerar mota. Ko Ryanair da easyJet na Turai, da aka sani da tsananin lissafin kaya, guda 2 ɗin suke bari. Saboda haka wadda ta ce sai an biya ba ta faɗi daidai ba. Sai dai a lura, alfarmar ta jariri ce. In babu sunan yaro a tikiti, keken ya zama kaya kamar kowane kaya. Alhajin da ya sayo keke a Dubai tsaraba ga jikarsa, cikin kilo ɗinsa za a lissafa.

Hanya mafi sauƙin ganewa ita ce a miƙa shi a kanta, wurin awo, tare da akwatuna. A manna masa takardar shaida ya tafi, sai kin isa ki ɗauka, sau da yawa ma ba a kan bel ɗin akwatuna ba, a wani gefe da ake ajiye manyan kaya. Amfaninta shi ne kin samu damar shirya shi a gida cikin natsuwa, ki cire tayoyi, ki ɗaure, ki sa a kwali ko jaka. Illarta kuma a fili take: daga kanta har kujerarki yaro yana jikinki. Mai babban keke ma ba lallai a ba ta zaɓi ba. American Airlines ya ce duk keken da ya haura kilo 9 a kanta za a miƙa shi. British Airways kuma girma yake dubawa: wanda za a tura har ƙofar jirgi sai ya kasance guda ɗaya ne, ba mai rabuwa biyu ba, kuma in an naɗe kada ya wuce santimita 117 a tsawo, 38 a faɗi, 38 a kauri. Ƙanwata ta aika aka ɗora nata a sikeli, kilo 13, ga shi mai rabuwa biyu. Tun nan ya faɗi wannan jarrabawar.

Hanya ta biyu ita ce wadda iyaye suka fi so, kuma ita zan daɗe ina bayani, don a nan ake yin kuskure. Kina isa kanta ki ce kina so ki tura keken har ƙofar jirgi. Za su manna masa takarda su bar miki shi. A wurin binciken tsaro ki ciro yaro, ki kwashe duk abin da ke kwandon ƙasa, ki naɗe keken ya bi ta na'urar haska kaya, ke kuma ki wuce da yaro a hannu. Madarar jariri da abincinsa ba sa cikin dokar nan da ta hana wucewa da abu mai ruwa-ruwa da ya haura mililita 100, ana barin gwargwadon abin da tafiyar ke bukata, amma ki fito da su daban don za a duba. Daga nan kin huta: yaro yana kwance, jaka tana rataye, hannunki biyu a sake don fasfo da tikiti. Lokacin shiga jirgi sai ki naɗe ki miƙa, a kai shi ma'ajiyar kaya ta ƙasan jirgi. A filayenmu sau da yawa da ƙafa ko a bas ake zuwa gindin jirgi a hau matattakala, to a gindin matattakalar ake barinsa. Kada ki ajiye ki juya baya. Ki tsaya har ki ga ma'aikaci ya ɗauka, ki tabbata takardar tana jikinsa, guntunta kuma yana hannunki.

Miƙawa ba ta da wuya. Karɓowa ce ke da magana. Wani filin a ƙofar jirgi za a kawo miki shi kina fitowa. Wani filin sai kin bi dogon layin shige da fice, kin isa wurin ɗaukar kaya. In kuma tafiyar mai zango ce, akwai yiwuwar a wuce da shi kai tsaye zuwa jirgi na biyu, ba za ki sa shi a ido ba sai ƙarshen tafiya.

Abin da ya same ni ke nan lokacin ɗana na biyu yana da wata 10. Na miƙa keken a ƙofa, ma'aikacin ya karɓa da fara'a, ni kuma ban tambayi komai ba. Muka sauka inda za mu canja jirgi wajen ƙarfe biyun dare, na tsaya a bakin ƙofa ina jira. Fasinjoji suka watse, masu shara suka shiga, har ma'aikatan jirgin suka fito suna jan jakunkunansu. Ɗaya daga cikinsu ta karɓi guntun takardar ta duba, ta ce ai ƙarshen tafiya aka rubuta wa keken. Awa 6 ke gabana. Zanin goyo yana cikin akwatin da na auna tun a gida. Na cire mayafina na goya shi, mayafin kuwa mai santsi ne, taku kaɗan sai na tsaya na gyara ɗauri. Jakar madara da famfas a kafaɗa ɗaya, tawa a ɗayar. Da na zo yin alwala na rasa inda zan ajiye shi, sai wata baiwar Allah da ko yaren juna ba ma ji ta miƙo hannu ta riƙe mini. Allah ya saka mata da alheri duk inda take.

Tun daga ranar nake gaya wa duk mai tafiya: ki tambaya a kanta, da bakinki, a ina za a mayar miki da keken, sannan ki karanta takardar da aka manna. Haruffa uku ne ke nuna inda kaya zai sauka. KAN Kano ce, ABV Abuja, DKA Katsina, ADD Addis Ababa, CAI Alƙahira, DOH Doha, JED Jidda, LHR kuma Heathrow ta Landan. In kina son keken a wurin zango amma kika ga haruffan ƙarshen tafiya kaɗai, nan ne wurin magana, tun kina gaban ma'aikacin. Wani lokaci su gyara, wani lokaci su ce dokar filin can ba ta bari. Ko ba su gyara ba, kin san abin da ke jiranki, kin shirya.

Wannan ya shafe mu sosai, mu mutanen Katsina da Daura, domin tafiyarmu ba ta cika zama miƙaƙƙiya ba. Wanda ya bi mota zuwa filin Malam Aminu Kano zai yada zango a wani wuri kafin Turai: Addis Ababa in Ethiopian Airlines ne, Alƙahira in EgyptAir, Doha in Qatar Airways, wanda ya fara zuwa Kano a 2022. Wanda kuma ya tashi daga filin Umaru Musa 'Yar'adua zuwa Abuja don ya kama jirgin waje, yawanci tikiti biyu ne daban-daban a hannunsa. Ma'anarsa a Abuja zai karɓi kayansa duka, har keken, ya sake aunawa a wani kamfanin mai nasa dokar. Keken da kamfanin farko ya karɓa a gindin matattakala ba tare da ko tambaya ba, na biyun yana iya cewa ya yi girma. Dokar kamfanin da ya fi tsanani ita za ki bi wajen shiri.

Akwai sauƙi guda ga masu bi ta Doha ko Dubai: filayen biyu suna ajiye kekunan aro kyauta ga masu yara, ki ɗauka ki yi zirga-zirgarki, ki ajiye kafin ki shiga jirgi na gaba. Taimako ne babba. Amma ba na son uwa ta ɗora duk shirinta a kansu, don ba kullum ake tarar da su a inda aka sauka ba, kuma sun fi dacewa da yaron da ya iya zama.

Wadda ta ce wa ƙanwata har cikin jirgi ake shiga da keke, ita ma tana da gaskiyarta, amma wasu 'yan ƙananan kekuna ne na musamman da ke naɗewa su koma kamar jakar hannu. YOYO, wanda aka fi sani, yana komawa santimita 52 da 44 da 18, nauyinsa kilo 6 da ɗan ɗoriya. Pockit na kamfanin gb ya fi shi ƙanƙanta, bai kai kilo 5 ba. Ma'aunin jakar hannu a yawancin kamfanoni yana wajen santimita 55 da 40 da 20 ko ɗan sama da haka, nauyi kilo 7 ko 8, shi ya sa suke shiga akwatin da ke saman kujeru. In an bar ki da shi, babu abin da ya kai shi daɗi: kina fita jirgi ki buɗe ki sa yaro, ba jira, ba fargabar karyewa.

Amma "in an bar ki" ɗin nan babban sharaɗi ne. Kamfanoni da dama cewa suke sai in akwai wuri, kuma ma'aikatan jirgi ne ke da magana ta ƙarshe. Wasu suna lissafa shi a madadin jakar hannunki, sai ki zaɓa tsakaninsa da jakar. A ƙananan jiragen cikin gida irin Embraer 145 mai kujeru 50, akwatin sama gefe ɗaya ne kawai, kuma matsattse, ko jakar taya ta yau da kullum karɓewa ake yi a gindin jirgi. Ga tsada: sabonsa kuɗi ne mai yawa. Ga ƙananan tayoyi da aka yi don daɓen filin jirgi, waɗanda in suka shiga rairayin lungunan Daura ba sa motsi. Yawancinsu ma sai yaro ya kai wata 6. Matar da ke hawa jirgi sau uku ko huɗu a shekara, zai biya ta kuɗinsa. Mai tafiya ɗaya, ban ga dalilin da zai sa ta sayi wannan ba. Ɗan siririn keken nan mai naɗewa kamar lema, da ake samu a gwanjo da rangwame, zai yi mata aikin har ƙofar jirgi, in ya karye kuma ba za ta kwana da baƙin ciki ba.

Sai goyo, wanda ba na son a raina shi don an ga ana tura keke. Daga Katsina zuwa Abuja wajen awa ɗaya ne a sama. Filinmu ƙarami ne, daga inda mota ta ajiye ki zuwa gindin jirgi ba wata tafiya ba ce. A irin wannan, zani da majanyi sun fi kowane keke: ba awo, ba takarda, ba jira, kuma a matattakala hannunki biyu suna riƙe da ƙarfe. Abin da za ki sani kawai, za a iya cewa ki sauke shi a wurin bincike, kuma a cikin jirgi dole ki kwance, don lokacin tashi da sauka a cinya yake zama da ɗan bel ɗinsa, ba a ɗaure a jikinki da zani ko jakar goyo ba.

Inda goyo ke gazawa shi ne doguwar jira. Yaro ɗan shekara ɗaya da rabi nauyi gare shi, awa biyar a baya ba wasa ba ne. Wadda aka yi wa tiyatar haihuwa ba da daɗewa ba, ko mai ciwon baya, ko mai sabon ciki, kada ta gwada. Kuma babban amfanin keke a wurin zango, a ganina, samun inda za a kwantar da yaro ne in za a yi sallah, ko a shiga banɗaki, ko a ci abinci. Mai tagwaye ita kaɗai kuwa tata maganar daban ce: babba ɗaya jariri ɗaya yake riƙewa a cinya, na biyun sai an saya masa kujera an sa shi a kujerar mota da kamfanin ya amince da ita, ko a samo ɗan rakiya.

A cikin jirgin kansa keke ba shi da wani aiki, ko da yana saman kanki. Abin nema a doguwar tafiya shi ne ɗan gadon jariri da ake maƙalawa a bango gaban layin farko. Emirates da Qatar Airways sun ƙayyade kilo 11. Ba su da yawa, don haka a nema tun ranar sayen tikiti. In jirgi ya fara girgiza za a ce ki ciro shi ki riƙe.

Masu zuwa Umara da yara su ƙara da wannan: hukumar Masallacin Harami ta hana shiga da keken yara filin ɗawafi na ƙasa, sai a benaye, kuma in cunkoso ya yi yawa ana iya hanawa ko'ina. Tsakanin masauki da masallaci keke yana taimako ƙwarai, amma wadda ke son ɗawafi kusa da Ka'aba, goyo ne zai kai ta.

In keke ya iso a karye fa? Kada ki fita daga wurin ɗaukar kaya sai kin je teburin ƙorafin kaya an cike miki takardar da suke kira PIR. A tafiyar ƙasa da ƙasa Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ce ke aiki, Najeriya kuma tana ciki. Ta ba da kwana 7 daga ranar karɓar kaya a shigar da ƙorafin lalacewa a rubuce, kwana 21 in jinkiri ne. Iyakar diyyar kayan fasinja ɗaya, tun daga 28 ga Disamba 2024, ita ce 1,519 na ma'aunin kuɗin nan na Asusun Lamuni na Duniya da ake kira SDR, wajen dalar Amurka 2,000. Iyaka ce, ba wai ita za a miƙo miki ba, sai kin nuna darajar abin da ya lalace. Shi ya sa nake cewa a ɗauki hoton keken a filin jirgi kafin a miƙa, da takardar a jikinsa, a adana rasit in akwai. Kamfanin da ya yi kunnen uwar shegu, ana kai ƙararsa sashen kare haƙƙin fasinja na hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, wato NCAA. Wanda aka miƙa a ƙofa tsirara ya fi saurin ƙujewa da baƙin mai, don haka ko jakar buhu ce tela ya ɗinka miki mai zariya a baki, a rubuta suna da lambar waya a jiki. A cire duk abin da ke cirewa, irin su mariƙin kofi da gidan sauro.

Da ƙanwata ziyarar mako biyu za ta je, da cewa zan yi ta bar babban keken nan a Daura, ta nemi ɗan siriri mai naɗin lema, ta tura shi har ƙofa. Da Abuja ko Legas za ta, da ko maganar keke ba za mu yi ba. Amma zama za ta yi na shekaru, a ƙasar da ake yawan tafiyar ƙafa cikin sanyi da yayyafi, inda keke mai kaurin taya da rumfa zai yi mata aiki kullum, zuwa asibiti, zuwa kasuwa, zuwa tashar bas. Tunda kyauta za a ɗauka, barinsa asara ce. Sai na ce ta miƙa shi a kanta a shirye tsaf, ta cire shi daga lissafin filin jirgi gaba ɗaya, awa 5 ɗin da za ta yi a Doha kuma ta dogara da bayanta, in ta samu na aro ta ƙara da shi.

"Yaya, ba za a yi ta kallona ba in na yi goyo a can?"

Na ce za a kalla, kuma wasu ma za su tsaya su tambaye ta yadda ake ɗaurawa. Na sa ta kira ofishin kamfanin ta tabbatar sunan yarinya yana tikiti, ta nemi gadon bango, ta kuma tambaya ko za su karɓi keken a cikin kwali a matsayin kyautar jariri, don kada a wayi gari a kanta a ce akwati na uku ne. Suka ce za su karɓa, ta sa aka turo mata a rubuce.

Daren da za su kama hanyar Kano ta turo mini hoto. Ƙanin mijinta ya samo kwalin firji an yanke daidai, an cire tayoyin an cusa a kwandon, an naɗe da salatif, an rubuta suna ta gefe huɗu. A gefe ga jakar hannunta a buɗe: fasfo biyu, gwangwanin madara, famfas, kayan canji na yarinya da nata, sai zanin atamfa mai kauri da majanyi a ninke a can sama, inda hannu zai fara kaiwa.